Kafaɗar Umma a Jikin Bango

Ku da kuke ta turo min saƙo kuna tambayar ko an sa rana, ku ɗan riƙe guɗarku tukuna. Yau in na ce muku ban yi kuka ba na yi ƙarya. Wanda bai san ni ba, ni ce Auta, 'yar ƙarshe a gidanmu, wadda tun tana firamare take cika bayan littattafanta da zanen mutane har malamai suka gaji da dukanta. Bari in ɗauko muku zancen daga tushe, don in za ku yi alƙalanci ku yi da hujja a hannu.

Fuska ba ta taɓa ba ni wahala ba. Ki zauna a gabana kina shan shayi, kafin ki ajiye kofi na fitar miki da hancinki har da hararar da kike yi. Amma daga wuya zuwa ƙasa, nan ake yin ta. Hannuwan da nake zanawa kamar ɗanyar citta suke fitowa, kafaɗu kuwa sai ka ce an rataye riga a ƙusa. Na san ciwona: ban san abin da ke ƙarƙashin fata ba, kuma ban san inda zan gan shi ba.

Na shiga intanet neman hotunan da zan koya da su. Abin da ya fara fito min, Allah ne ya rufa min asiri na kife wayar kafin Yaya ya gama leƙowa. Masu 'yar sutura kuma ƙartin masu ɗaga ƙarfe ne, tsoka ta kumbura ko'ina, ni kuwa ba irinsu nake gani a titi ba. Na zana hannuna na hagu har na haddace kowace jijiyarsa. Na zauna a tashar mota ina satar zanen masu jira, wata mata ta kama ni ta ce in mayya ce in faɗa mata tun da wuri. Har wurin mahauci na je, na roƙe shi ya bar ni in ga yadda gwiwar akuya take lanƙwasawa. Ya dube ni ya ce, “'Yan mata, in saye za ki yi ki saya, in kuma ta'aziyya kika zo yi wa mamaciyar, ta gode.”

A gida kuwa ba wanda ya ɗauki abin da daraja. Abba kawar da kai yake yi. Gwaggo, ƙanwarsa da take zaune tare da mu, kullum waƙarta ɗaya ce: “Sa'o'inki na goyon 'ya'ya, ke kina goyon fensir.”

Ana haka Umma ta faɗi a kicin bara, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Bakinta ya yi nauyi, hannun ya zama sai an ɗaga mata. Asibiti suka haɗa mu da likitan gashi, mai motsa gaɓɓai, wanda zai riƙa zuwa gida. Dogo ne, kullum cikin farar riga mai gajeren hannu da agogon azurfa, turarensa na riga shi shigowa falo. Gidanmu kowa Likita yake ce masa, ni ma haka.

Wata rana ya tarar da takarduna a kan teburin cin abinci. Ya ɗauki ɗaya ya juya ta, ya sake juyawa.

“Wannan bawan Allah hatsarin mota ya yi?”

“Sallama yake ɗaga wa mutane,” na ce, fuskata a ɗaure.

“To ai gwiwar hannunsa a haƙarƙari kika dasa masa.” Ya yi dariya, sannan ya daina. “Amma dubi idon nan. Auta, kina da hannu. Ƙashi kawai ba ki sani ba.”

Ni da nake jiran zagi, sai ga mutum ya gano ciwona a kallo ɗaya. Ku faɗa min wace zuciya ce ba za ta motsa ba.

Shi ya je ya samu Abba, ya ce masa wannan ai reshe ne na karatun lafiya, littattafan likitoci ma masu zane ne suke cika su. Abba da ya ji an ambaci likitoci sai ya gyara zama ya ce Allah ya taimaka. Daga nan na fara zuwa sashensu a asibiti duk Asabar. A bakin ƙofa akwai ƙwarangwal na roba a tsaye a kan ƙarfe, ma'aikatan suna kiransa Maigadi, wani ma ya ɗora masa hula. A gabansa na koyi cewa allon kafaɗa ba a kafe yake ba, yawo yake yi a kan haƙarƙari duk inda hannu ya tafi. Likita yakan tsaya a bayana ya ce, “Ƙashi tukuna, sai tsoka, sai fata. Riga ita ce ta ƙarshe. Kuma ki zana abin da kika gani, ba abin da kike zato ba.”

Da daddare saƙonsa zai shigo, hoton wani shafi daga littattafansa, a ƙasa ya rubuta: “Aikin gida, ɗalibata.” Ni kuma in mayar: “Malam, ladan karatun fa?” Ya ce: “Ke ce ladan.” Na san za ku ce tsohuwar dabara ce. To ni dai ta kama ni.

Kafin wata uku ya gabatar da kansa, gidanmu ya ɗauka kamar an yi musu albishir da aljanna. Gwaggo ta fara ajiye masa kofinsa daban. Yaya, wanda bai taɓa gaida wani saurayina da fuska a sake ba, ya koma raka shi har mota. Abba ya ce da zarar Likita ya buɗe asibitin kansa da yake ta haɗawa, manyansa su zo a yi magana.

Yanzu ga inda nake so ku saurara da kyau.

Ni ce mai yi wa Umma wanka, ni ce mai shafa mata man zafi. Umma mace ce mai kunya, ko a gabanmu 'ya'yanta ba ta taɓa zama ba ɗankwali ba. Da ta kwanta ciwo ma ta ƙi yarda kowa ya ɗaura mata, da hannun damanta take fama har ta ɗaura, shi ya sa ƙullin kullum yake karkacewa bayan kunnen dama. Wani hantsi na zaunar da ita a bakin gado, na sauke mata zani zuwa ƙugu ina shafa man, hasken taga ya sauka a gadon bayanta. Sai na ga duk abin da Maigadi ya koya min yana nan a raye: ƙashin baya ɗaya bayan ɗaya, allon kafaɗa, da tawadar Allah guda biyu a ƙarƙashin na hagu, da tabon tsohuwar ƙuna a gefen haƙarƙari. Ba ƙaton mai ɗaga ƙarfe ba, ba roba ba. Jikin da ya goya mu ne.

“Umma,” na ce a hankali, “ki bar ni in zana bayanki.”

Na ɗauka ta yi fushi. Can ta juyo da kai, da bakinta mai nauyi ta ce, “Zai... taimake ki?”

“Sosai, Umma.”

“To. Idonki... kaɗai.”

Na ce idona kaɗai. Na sa sakata a ƙofa, na zana ta da gawayi, komai yadda na gan shi, har ƙullin ɗankwalin da siririyar sarƙar da ke wuyanta. Da na gama na ja baya na duba. Kafaɗar hagu ta zube ƙasa, akwai wani rami tsakaninta da hannu wanda ba haka yake a littafi ba. Na goge na sake, na auna da fensir, haka dai ya sake fitowa. Ko hannuna ne ya yi kuskure, ko kuwa wani abu ne ke damun uwata da ba wanda ya lura, tunda kullum da riga mai kauri Likita yake ganinta, ta ƙi yarda a buɗe.

Tsoro ne ya kai ni wurinsa da takardar, Allah shaida ne. Na buɗe masa a mota, na ce ya duba kafaɗar kawai.

Ya daɗe yana kallo. “Zanenki daidai ne. Kafaɗar ce ta sauka daga gurbinta, nauyin hannun ne yake janta. Gobe zan kawo mata abin tallafe hannu.” Ya ɗauko waya. “Bari in ɗauka in ƙara nazari.”

Na dafe takardar. “Likita, na yi mata alkawari.”

“Haba Auta. Ni ne fa. Uwarki uwata ce. Ina gama dubawa zan goge.”

Na janye hannuna. Washegari ya kawo abin tallafen, ciwon da ke hana Umma barci ya ragu, ni kuma na ƙara jin babu kamarsa a duniya.

Bayan sati biyu ya turo min saƙon murya. Ya ce ɗaliba ta gaske ba ta tsayawa a ciwo, sai ta san lafiya. Ya ce in sake zana bayan nan, amma yadda zai kasance ranar da Umma ta warke, kafaɗu a daidaice, hannu a ɗage. Ya ce in ɗauke shi a matsayin addu'a. Kwana da kwanaki na yi a kan zanen nan. Na miƙar mata da baya, na ɗaga hannun hagun nan sama yana gyara ɗankwali, ina yi hawaye na ɗiga ina tsanewa da gefen mayafi kada su ɓata gawayin. Ban taɓa zana abin da nake so kamarsa ba. Da na gama na tura masa hoton da kaina, ya mayar min da zuciya ja guda uku.

Yau da rana na shirya zuwa sabon asibitin nasa, saboda gobe ne buɗewa kuma ya ce in zo in taya su jera kujeru. Na sa doguwar rigata ruwan toka mai maɓallai a hannu, wadda ya taɓa cewa tana yi min kyau, na yafa farin mayafi, har da ɗan kwalli. A hanya na tsaya na saya masa furen roba na kan tebur. Ku dubi wauta.

Wurin a hawa na biyu yake, saman wani shagon magani. Ƙamshin sabon fenti ya tare ni a matakala. Na tura ƙofar gilashi na shiga ɗakin jira: kujeru shuɗɗa ba a cire musu leda ba, talabijin a kwali, mai haɗa wuta a kan tsani yana ɗaura fanka. Na juya dama in ajiye furen.

Bayan Umma ne a jikin bango. Ya fi ni tsawo.

Fosta ce mai sheƙi daga sama har ƙasa, an raba ta biyu. A hagu zanena na farko, kafaɗa a zube, tawadar Allah biyu kowace ta kai girman tafin hannuna, tabon ƙunar, sarƙar, ƙullin ɗankwali a bayan kunnen dama. A samansa an rubuta da jan rubutu: RANAR DA TA ZO. A dama kuma addu'ata ce, zanen da na yi da hawaye, an rubuta masa da kore: RANAR DA TA WARKE. A can ƙasa ga lambar wayarsa, kusa da ita ga sa hannuna an ƙara masa girma.

Furen ya suɓuce daga hannuna. Mai haɗa wuta ya leƙo daga kan tsani ya ce, “Hajiya, aiki ya yi kyau ko? Tun safe duk wanda ya shigo sai ya tsaya a nan.”

Likita ya fito daga ofis yana murmushi, hannu a buɗe. “Kin ɓata min shiri, gobe na so ki gani. To, kin ga sunanki?”

“Ka ce za ka goge.”

“Na goge a waya mana, bayan na tura wa masu bugawa.” Har da 'yar dariya.

“Uwata ce wannan.”

“Auta, baya ne kawai. Babu fuska. Wa zai gane?”

“Duk wanda ya taɓa shiga gidanmu ya san ƙullin nan. Kuma yaushe ta warke? Da safen nan ni na sa mata hannu a riga!”

Ya dubi mai haɗa wuta, ya ja ni gefe ya rage murya. “Ai za ta warke, in sha Allahu. Talla ce, kowa haka yake yi. Hoton majinyaci na gaske doka ta hana ni sawa sai da izininsa, amma zane ai zane ne. Ke ba kullum kukanki ba wanda ya san aikinki ba? Ga shi na fito da ke.”

A nan na gane. Wato ya san akwai izini a duniya. Ya san hoton kowace majinyaciya yana da mai shi, uwata ce kaɗai ya ga ba ta da mai tsaya mata. Kuma ranar da ya ce in zana addu'a, ya riga ya auna faɗin bangonsa.

“Ka cire ta yanzu.”

“Gobe buɗewa, in bar bango tsirara?”

“Gara bango da uwata.”

Murmushin ya ɗauke daga fuskarsa. Ya gyara agogonsa, ya yi magana a natse kamar yana faɗa wa majinyaci yadda zai sha magani. “Ki yi tunani kafin ki tada ƙura. In magana ta fito, ba ni za a fara tambaya ba. Cewa za a yi wa ya tuɓe matar nan ya zauna yana zana ta, wa kuma ya fito da zanen daga ɗaki. Ki bar shi, ba wanda zai lura, mu yi aurenmu lafiya.”

Wallahi da mari ya yi min da ya fi min sauƙi. Mutumin da ya koya min inda kowane ƙashi yake, ashe ya daɗe da sanin inda zai danna ni in kasa motsi. Na juya na fice. Na sauko matakala, a cikin mota na toshe bakina da mayafi na yi kukana har direba ya rage rediyo.

Kafin in isa gida saƙonninsa sun taru. “Ki huce.” “Don mu biyu na yi.” “Ki tabbata Umma ta zo da wuri, ita ce babbar baƙuwa.” Na kashe wayar.

Na tarar da gidan a hargitse da murna. Gwaggo ta baje kaya a falo tana guga. Tana ganina ta ce, “Ke kuma lafiya, ido ya yi ja kamar gauta? Kada ki soma min halin naki. Yaron nan ya ɗauke mana nauyin uwarki, ya ɗauki haukan zanenki, gobe ki sakar masa fuska a gaban mutane.”

“Gwaggo, Umma ba za ta je ba.”

Ta dire dutsen gugar. “In ji wa? Tun da ta kwanta ba ta taka ƙofar gida ba sai asibiti. Je ki dube ta ki faɗa mata da bakinki.”

Na shiga ɗakin. Umma na zaune a bakin gado, an shimfiɗa mata shuɗiyar rigarta mai aikin zare a wuya, wadda ba ta sa ba tun kafin ciwon. Tana shafa ta da hannun dama, gefen bakinta mai lafiya yana murmushi.

“Auta... ta yi?”

Gaba kura, baya sayaki. In na yi shiru, gobe za a riƙo hannunta a tsayar da ita a gaban tsiraicinta, cikin surukai da maƙwabta. In na yi magana, da bakina zan gaya mata abin da na yi da amanarta. Na durƙusa a gabanta na dafa gwiwarta. Na yanke shawara: zan faɗa mata, ni da ita, ƙofa a rufe, in ya so gobe da sassafe in je in yage fostar nan da farcena, auren ya tafi duk inda za shi.

Na buɗe baki ke nan na ji sallamar Abba a falo. Muryarsa a sake, yana gaya wa Gwaggo labari.

“Yaron nan akwai himma. Ya aiko min da ƙananan takardun talla cike da leda, ya ce in taya shi rabawa. Na raba a layinmu na kasuwa kaf, na ba abokan zamana, na ba limaminmu. Guda ɗaya ta rage min. Miƙo min gilashina, ni ko dubawa ban samu na yi ba.”

Na ji ƙarar buɗe gidan gilashi.

Takunsa ya taho a hankali har bakin ƙofa. Ya ɗaga labule ya tsaya, gilashi a hanci, takardar a hannunsa. Bai dube ni ba. Matarsa yake kallo, daga kafaɗarta zuwa bayan kunnenta, ya mayar da ido kan takardar, ya sake ɗagowa. Ban taɓa ganin fuskar Abba haka ba, sai ka ce an zare masa jini.

Umma ta dube shi, murmushin nan bai bar gefen bakinta ba. Ta saki rigar, ta miƙa masa hannunta mai lafiya.

“Ta yaronmu ce?” ta ce. “Kawo... in gani.”